Ranar Da Aka Cire Gaisuwar Badi'a

An cire gaisuwar Badi'a daga kwamfutar ƙungiyarmu ranar wata Talata, ta tafi da rabon ruwan kanal gaba ɗaya a bayanta, kuma da bakina aka cire ta. Kafin ku fara yi mini ruwan zagi a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Ƙasim, mutumin Durun, manomin rani, kuma shugaban ƙungiyar masu ban-ruwa ta kanal ɗinmu. Na ba arba'in baya da daɗewa. Boko aji uku na yi na gudu, sai karatun allo. Matata Humaira ta rasu shekarun baya. 'Yata tana aure a Gwarzo, ɗana yana Kano, ba ya kira sai ranar Juma'a, shi ma kamar ana korarsa. Gidan nan mai ɗakuna huɗu daga ni sai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda kunnenta ɗaya ya mutu amma bakinta yana nan da ransa. Ɗakin Humaira a kulle yake, labulenta mai zanen ganye har yanzu yana rataye a ƙofa, rana ta cinye kalarsa. Tuwo a zaure nake ci, ni da rediyo.

A da, rabon ruwa a kanal ɗinmu ƙarfi ne. Wanda filinsa ke kusa da dam ya sha ya ƙoshi, na wutsiya ya jira abin da ya rage. Filina na gado kuwa yana can ƙarshen wutsiya, bayansa sai daji. An ɗaga wa juna fartanya, an je gaban dagaci har ya gaji da ganinmu. Da aka ba ni shugabanci na ce sai an canza, shi ne muka ɗauki Badi'a.

Badi'a 'yar Malam Muhammad Nur ce, mai Islamiyya a Unguwar Tudu ta Gwarzo. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta yi aure, auren bai yi tsawon rai ba, ta dawo gidan ubanta. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kullum cikin hijabi ruwan ƙasa da farin tabarau wanda take turawa sama da bayan yatsa idan tana tunani. Ƙaninta Abdulnasir ke kawo ta a mashin ofishinmu, wani shago da muka kama a gefen kasuwar Kabo muka sa masa sola, ya zauna a bakin ƙofa yana danne-dannen waya har ta tashi.

Abin da ta gina mana ta ce sunansa rumbun bayanai. Tebur-tebur ne a ciki, ɗaya na sunayen manoma, ɗaya na filaye, ɗaya na ƙofofin ruwa, kowanne a ɗaure da ɗan'uwansa, in ka taɓa sunan mutum sai filinsa da ƙofarsa su biyo shi. Sannan akwai wasu 'yan ƙananan ma'aikata da ta rubuta da hannunta ta zuba a ciki, tana kiransu fankshin. Ba da su injin ya zo ba, nata ne. Ɗaya daga cikinsu shi ke lissafa wanda ruwa ya zagayo kansa, sai a tura masa saƙon tes a waya da safe.

Tes ɗin farko da ya fara zuwa haka yake: "Fili 14. Ƙofa 3. Hantsi." Ba wanda ya kula shi. Wasu suka ce na kamfanin waya ne, wasu suka ce 'yan damfara ne. Wani tsoho ya tare ni a masallaci yana tambaya wane marar tarbiyya ne yake ba shi umarni ba ko sallama. Na je na samu Badi'a na ce mata mutanenmu ba sa jin magana sai an gaishe su, ta riƙa gaishe su tukuna. Ta yi ɗan murmushi ta ce to. Daga nan duk mako sai ta tambaye ni wa ba shi da lafiya, gidan wa aka haihu, gidan wa aka yi rashi, ina faɗa tana shigarwa.

Yanzu na san abin da ta yi. Wani fankshin ta rubuta, wanda zai ɗauki sunan mutum da laƙabinsa da halin da yake ciki, ya ɗinka gaisuwa da kansa, ya sa sunanta a ƙasa don a san daga ƙungiya ne. A lokacin ban sani ba. Ba ɓoyewa ta yi ba, ba ta dai zaci akwai wanda bai gane ba. Ni kuwa a zatona tana idar da sallar asuba take ɗaukar waya ta rubuta da yatsanta.

Faɗa ya mutu a kanal. Mutumin da aka tambaya ya mai jiki ba ya iya ƙin bin layi. Sauran manoma ranar ruwansu kawai suke samun saƙo, ni kuma da yake shugaba ne kullum sai nawa ya zo, don in san ƙofar da za a buɗe. Ana cikin haka na faɗi a mashin a hanyar Gude na bugu a gwiwa, a ranar na shiga ofis ina ɗingishi. Washegari ina zaune a kan buzu wayata ta yi ƙara.

"Assalamu alaikum Malam Ƙasim. An tashi lafiya? Ya ƙafa? Ya Gwaggo? Yau ƙofa ta uku ce, da hantsi. Allah ya ba da yabanya mai kyau. Badi'a."

Jama'a, tun da aka kai Humaira makwancinta ba wanda ya tambaye ni ko na tashi lafiya kafin in fita daga gida. Gwaggo ba ta gaisuwa, sai dai ta ce kokon ya huce. Na karanta saƙon nan har allon wayar ya mutu, na kunna na sake karantawa. Sannan na zauna na haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya na mayar da amsa: "Lafiya lau Malama. Ƙafa da sauƙi. Na gode."

Ba ta amsa ba. Amma gari na wayewa ga ta: ya ƙafa, ya Gwaggo.

Haka muka ɗora, ko in ce haka na ɗora. Da farko gaisuwa ce kawai. Daga baya na fara ba ta labari. Na gaya mata Gwaggo ta yi miyar kuka ta manta gishiri, kuma ta rantse harshena ne ya lalace. Na gaya mata tunkiyata ta haifi biyu. Wata rana na rubuta mata cewa na buɗe ɗakin Humaira don in duba ko gara ta shiga, na tarar da ɗankwalinta a kan gado yadda ta bar shi, na zauna a ƙasa na kasa tashi har rana ta take. Wannan ko ɗana ban gaya wa ba. Ƙafa ta warke sarai, na koma hawa mashin, amma kullum sai ta ce ya ƙafa. Na ce a raina tsokana ce, irin ta mace da ba ta son ta daina tambayarka wani abu.

A ofis kuwa ba ta canza ba. Sannu da zuwa Shugaba, ya hanya, ya ruwa, kanta a kan kwamfuta. Na ce kunya ce, 'yar gidan malamai ce. Ni ma ban taɓa tayar da zancen baki da baki ba, ga Abdulnasir a bakin ƙofa, ga kuma girma.

Gwaggo ce ta hana ni sakat. Ta daɗe tana yi mini tallar Zulaiha, maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, mai tuyar awara a ƙofar gida. Kullum zancen ɗaya ne, ita ta tsufa, hayaƙi yana cin idonta, ranar da ta faɗi wa zai ɗaga ta, wa zai ɗaga ni. Wata safiya ta leƙo zaure ta same ni ina murmushi ni kaɗai da waya a hannu.

"Kai da abin nan kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ita ce za ta tuƙa maka tuwo?"

"Akwai wadda nake magana da ita, Gwaggo."

"'Yar wa?"

"'Yar malamai ce. A Gwarzo."

"To me kake jira, sai haƙoranka sun zube a kai maka ita tana tauna maka nama?"

A ranar na rubuta abin da na daɗe ina juyawa: "Malama, idan na je na gaida Malam a kan maganarki, za ki ji haushi?" Na tura, na kife wayar, na tafi gona na yini ina gyaran kunyar da ba abin da ya same ta.

Da safe saƙo ya zo. An tashi lafiya, ya ƙafa, ya Gwaggo.

Ku da kuka yi boko za ku yi dariya. Amma a wurinmu macen da ta tashi a gidan mutunci ba ta buɗe baki ta ce eh. Idan ba ta so, sai ta ɗauke gaisuwa, ta ɗaure fuska, ka gane da kanka. Wadda aka yi wa irin wannan tambaya ta wayi gari ta gaishe ka har da tambayar tsohuwarka, ta amsa. Ko yau aka tara dattawan Durun aka ba su labarin, abin da za su ce ke nan.

Ranar Juma'a na fito da shaddata ruwan toka wadda ban sa ba tun bikin 'yata, na kai aka buga ta. Na sa hula ƙube, na zuba turare har Gwaggo ta yi atishawa ta ce in bi a hankali kada ƙudan zuma su raka ni. Bayan an sauko daga masallaci na nufi Unguwar Tudu.

Malam Muhammad Nur ya karɓe ni a zaurensa, littattafai jere har saman taga. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi Gwaggo, ya tambayi ruwa da alkama da jama'ar Durun, ni ma na tambayi ɗalibai da iyali da ƙoƙari. Aka kawo ruwa na sha. Sannan na gyara zama na faɗi abin da ya kawo ni, na ƙara da cewa ba da ka na zo ba, mun daɗe muna gaisawa da ita ta waya. Ya bar ni na kai aya. Ya cire tabaransa ya goge da bakin rawani.

"Shugaba, har da kai?"

Na ce ban gane ba.

"Kai ne na huɗu."

Ya ce a cikin watan nan mutum uku sun zauna a inda nake zaune, kowanne da wayarsa a hannu yana cewa Badi'a na gaishe shi da asuba, har da wani tsoho da jikarsa ke karanta masa. Ya ce wata mata ta taso tun daga Durun ta tsaya a ƙofar Islamiyya da wayar mijinta tana ɗaga murya a gaban ɗalibai. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Akwai wani Ja'afaru, malamin gona, mutumin Gude, da ke neman auren Badi'a. An riga an kawo kayan sa rana. Yanzu baffanninsa sun ce a dakata, ba za su ɗauko wa ɗansu matar da ke bin mazan mutane da gaisuwa da sunanta a ƙasa ba. Ta yi musu bayani cewa inji ne ke rubutawa, suka ce inji ne ya san ƙafar mutum da haihuwar matarsa? Sun ce sai sun ga an cire abin da idonsu, in ba haka ba a mayar musu da kayansu.

Na ce, "Inji ne, Malam?"

"Haka ta ce. Ranar Talata zan zo ofishin naku in gani."

Na dawo gida da hular a aljihu. Gwaggo ta dube ni sau ɗaya, ta tura mini kwano. Asabar saƙo ya zo, Lahadi ya zo. Ya ƙafa. Na zauna na kalli gwiwar nan da ta warke tun kafin mu watsa irin alkama.

Talata dab da azahar suka iso a mashin, Malam a bayan wani ɗalibinsa, Badi'a a bayan Abdulnasir. Idonta ya faɗa, ko lallen hannunta ya koɗe ba ta sake ba. Ta gaishe ni ba ta ɗago ba. Na ba Malam kujerata, ni na tsaya jikin bango. Abdulnasir ya ɗaga waya ya fara ɗaukar bidiyo, wanda za a tura wa mutanen Gude.

Ta fara da nuna wa mahaifinta. Ta shigar da sunansa, shi da bai taɓa riƙe fartanya a kanal ɗinmu ba, ta ce a wurin hali a sa mura, ta danna. Nan take rubutu ya fito, Abdulnasir ya karanta da ƙarfi: Assalamu alaikum Malam Muhammad Nur, an tashi lafiya, ya mura, Allah ya ba da yabanya mai kyau, Badi'a. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Abin da nake zama ina jira kullum tun ana kiran assalatu ke nan.

Malam ya daɗe yana kallon allon. Ya ce ya gani, ya kuma yarda, amma a cire shi yanzu.

Ta rubuta wasu kalmomi na Turanci, Abdulnasir ya karanta wa bidiyo, DROP FUNCTION, wato a cire fankshin, sai sunan gaisuwar. Ta danna. Jan rubutu ya fito. Injin ya ƙi.

Malam ya tambayi abin da ya faru. Ta ce saƙon safe gaba ɗaya a kan gaisuwar nan ta gina shi, kamar rumfa a kan ginshiƙi. Abin da ke haɗa sunan mutum da ranar ruwansa da lambar wayarsa, ta cikin gaisuwar yake bi kafin ya fita. Injin ba ya yarda a zare abu alhali wani abu yana rataye a kansa. Yadda ake yi shi ne ta gina sabon saƙo marar gaisuwa, ta mayar da komai kansa, ta gwada ta ga kowa na samun nasa daidai, sannan ta zare tsohon ba abin da zai faɗi. Ta ce a ba ta 'yan kwanaki.

Malam ya ce babu kwanaki. Mutanen Gude yau suke jiran bidiyo, kuma ya riga ya yi musu alkawari daga yau ƙafarta ba za ta sake taka ofishin nan ba.

Abdulnasir ya matso da fuskarsa jikin allon. Ya ce ai ga shi injin da kansa ya faɗi mafita a ƙasa, ya ce a ƙara kalma ɗaya, CASCADE.

"Ka san ma'anarta?" in ji Badi'a. Ta juya ga mahaifinta. "Baba, ma'anarta a cire shi, a haɗa da duk abin da ke rataye a kansa. Gobe ba wanda zai samu saƙo. Alkama ta yi ciki, yanzu ne ba ta son a tsallake mata ruwa. Kuma kwamfutar ba tawa ba ce, ta ƙungiya ce. Sai abin da Shugaba ya ce."

Duk suka juyo suna kallona.

Zan gaya muku abin da ya zo mini a rai, ba zan yi muku kwalliya ba. Idan na ce a'a, gaskiyata ce, ba mai ganin laifina, amanar mutane ce a hannuna. Sai alkamata ta sha ruwa. Mutanen Gude su kwashe kayansu. Badi'a ta zauna a gidan ubanta babu manemi, ni kuma ga shaddata a buge. Duk abin da nake so a duniya yana cikin a'a ɗin nan, kuma ba wanda zai taɓa sanin dalilina.

Ana haka aka kira azahar. Malam ya ce a yi salla tukuna. Suka fita neman buta, ni na tsaya a bakin ƙofa ina laluben takalmin da ke gabana. Badi'a ta yi magana ba ta juyo ba.

"Shugaba, an ce kai ma ka je gidanmu."

"Na je."

"Wallahi ban san haka za ta faru ba. Na ɗauka kowa ya san inji ne."

"Amsoshin da ake mayarwa fa? Ina suke zuwa?"

Ta juyo, ta tura tabaranta sama. "Wace amsa? Lambar ba ta karɓar saƙo. Turawa kawai take yi."

"Ba wanda ke gani?"

"Ba inda suke zuwa. Ka taɓa rubuta wani abu ne?"

Na tuna ɗankwalin Humaira a kan gado. Na ce, "Zancen ruwa ne."

Ta kalli ƙafata, sai ta rufe baki da gefen hijabi. Ta ce in yafe mata, tun tuni ya kamata ta goge maganar ƙafar nan, mantawa ta yi.

Na sa takalmi ɗaya. Na ce, "Shi na Guden, ke kike so ko Malam?"

Na zaci za ta sunkuyar da kai ta yi shiru, in samu abin da zan fassara yadda nake so. Ba ta yi ba. Ta dube ni ido cikin ido.

"Ni nake so, Shugaba."

Na sa ɗaya takalmin na tafi masallaci. Ban san abin da liman ya karanta ba, ko da yake azahar ce, ba a ji dama.

Da muka dawo Abdulnasir ya sake ɗaga waya. Malam ya ce, "To Shugaba, muna jinka."

"A cire."

Badi'a ta ce, "Filinka ne a wutsiya."

"Na san inda filina yake. Cire."

Ta ƙara kalmar, ta danna. Na zaci za a ji wani abu, ko ƙara ko fitila ta yi ja. Layi biyu ne suka fito, gajeru. Ta ce na farko yana cewa saƙon safe ya tafi, na biyu yana cewa gaisuwa ta tafi. Malam ya tambaya ko shi ke nan, ta ce shi ke nan. Ta sake shigar da sunansa don bidiyo, injin ya ce bai san wannan fankshin ba. Ta ciro makullin ofis daga jakarta ta ajiye a kan tebur, ta ce sunaye da filaye da lissafin layi duk suna nan ba abin da ya taɓa su, duk wanda ya san aikin zai iya ɗora sabon saƙo a kai. Ta ce in gaida Gwaggo. Wannan karon da bakinta ta faɗa. Suka hau mashin suka tafi.

Laraba na idar da asuba na zauna a kan buzu da waya a hannu har rana ta fito. Sannan na tashi na hau mashin na fara bin mutane gona-gona ina gaya musu layi da baki. Ranar farko an ji maganata. Kafin mako ya zagayo na kusa da dam sun tuna da ƙarfinsu. Wannan ya ce ba a gaya masa ba, wancan ya ce shi jiya aka ce masa, wani ya buɗe ƙofa ya zauna a kanta da fartanya a cinya. In na tsaya a ƙofa ta ɗaya a sace ta biyu. 'Yan kwamiti suka taru a kaina suna tambayar wanda ya lalata inji. Na ce ba wanda ya lalata, ni na ce a cire. Suka ce saboda me. Na ce saboda na ga dama, in suna da wani shugaban su kawo shi. Ban ba su sunan kowa su tauna ba.

Mun nemo wani ma'aikaci daga Kano. Ya yi ta ɗaga ranar zuwa, da ya zo kuma ya ɗauki lokaci yana bin aikin Badi'a kafin ya gane kansa. Duk tsawon lokacin nan abin da ke isowa wutsiya bai fi a jiƙa ƙasan kanal ba. Maƙwabtana biyu suna da rijiyar burtsatse, suka tsira da rabi. Ni ba ni da ita. Ina tsaye alkamata ta fitar da kai fari fat, in ka murza a tafin hannu ka hura ba abin da ke saura.

An ɗaura auren Badi'a da Ja'afaru a ƙofar gidan Malam. Na je, da shaddar nan ruwan toka, tun da an riga an buga ta. Na ga angon, siriri ne mai fara'a, ba ni da abin da zan ce a kansa. Da aka shafa fatiha Malam ya ratso mutane ya kama hannuna da hannu biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Na karɓi goro da alawa na kawo wa Gwaggo.

Washegari na kira wani Bafulatani na buɗe masa shingen filina. Na zauna a kan kunya ina kallon shanu suna cin noman shekarata, ba su ma ɗauki lokaci ba.

Da na dawo na tarar da kwano a rufe a bakin zaure, da faifai sabo a kansa. Gwaggo ta ce daga gidan Zulaiha ne, dambu ne, kuma ita ba ta roƙa ba, in ma zan ci in ci, in ba zan ci ba kada in mayar wa mutane da kwano cike. Na ɗauke shi na shigar zaure na ajiye kusa da rediyo. Ban buɗe ba, ban kuma mayar ba.

Yau da asuba, ina zaune a kan buzu, wayar ta yi ƙarar saƙon safe a karon farko tun ranar Talatar nan. Mutumin Kano ya gama aikinsa.

"Fili 14. Ƙofa 3. Hantsi."

Fili na sha huɗu nawa ne. Ruwana ne yau, ya zo wa kututturen da shanu suka bari. Na daɗe ina kallon saƙon. Sai na ga yatsana ya fara haɗa baƙaƙe da kansa: "Lafiya lau. Ƙafa ta warke."

Na san ba inda yake zuwa. Na tura.